Jarka goma sha biyu: yadda aikin fim ɗina kan 'yan ga-ruwa yake tafiya

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Alhamdulillah yau dai an amince da taken aikina bayan sati uku ina zarya tsakanin ofis biyu. Ni labarin ƙasa nake karantawa, ɓangaren da ya shafi mutane da zamansu da kai-komonsu, sannan tun aji biyu nake ɗaukar darasin haɗa fim a wani sashen. Wannan zangon kowanne ɓangare yana son aikin ƙarshe, can rahoton bincike da taswira, nan kuma gajeren fim na gaskiya da bai wuce minti 12 ba, sai nace me zai hana in haɗe su. Malamin taswira yace shi ba ruwansa da kyamara in dai zan kawo lambobin da zai iya dubawa. Malamar fim kuma tace in na kawo mata lakca mai hoto ba za ta karɓa ba, ita mutum take son gani.

A kan 'yan ga-ruwa zanyi, gefen Kurna zuwa Rijiyar Lemo. Tun ina yaro ruwan gidanmu a kura yake zuwa, na san ƙarar jarkoki in suna gwaruwa tun daga bakin layi, amma wallahi ban taɓa tambayar ko ɗayansu sunan garinsu ba. A aji an koya mana inda ruwan Kano yake fitowa, dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, na Challawa da ke wajen Ƙaraye a 1992, matatar Panshekara wadda take nan tun farkon shekarun 1930, ta Tamburawa a hanyar Zariya, tankunan kan Goron Dutse. Duk wannan yana cikin taswira. Amma daga inda bututu ya ƙare zuwa randar gidanmu babu layi ko ɗaya da aka zana, kuma ta nan ne kusan duk wanda na sani yake samun ruwa. Wannan gutsuren nake son zanawa, shi kuma nake son ɗauka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Naje bohol ɗin da na zaɓa da la'asar, na ɗaga waya kawai in gwada haske sai wajen yayi tsit. Wani ya juya baya, wani ya ja hula ya rufe fuska, mai bohol ya taso yace malam lafiya? Nayi bayani na nuna katin makaranta, yace ai duk wanda ya zo da haka yake farawa, ƙarshe sai mutum ya ga kansa a TikTok ana dariya, ko kuma a wayi gari masu karɓar haraji sun zo da hotonsa. Gaskiyarsa ce. Na mayar da wayar aljihu na ba su haƙuri na dawo.

Da na faɗa wa Abba da daddare yace kai ma ka san ba a shiga gidan mutane ta katanga, ka ɗauki takardar makaranta ka je wajen mai unguwa, kuma kada ka je hannu rabbana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mai unguwa ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da shugaban 'yan kurar wajen, wani dattijo da kowa yake ce wa Ciyaman. Sharaɗinsa ɗaya: sati guda babu kyamara, in zo in zauna kawai. Goro da kuɗin adaidaita 2,500.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana huɗu kenan ina zuwa bayan sallar asuba in zauna a kan benci kusa da tanki. Abin da na gani ya fi abin da zan tambaya yawa. Layi ba da mutum ake yinsa ba, da kura ake yi, tun dare ake jera su, wanda kurarsa take gaba shi ne na farko ko da yana masallaci. Yawancin kurar jarka 12 take ɗauka, wasu 14, kowacce lita 25, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce, kenan kilo 300 ban da nauyin ƙarfen kurar kanta. Da yawansu ba su ne da kurar ba, haya suke biya kullum da yamma, sannan su biya mai bohol kuɗin cikawa kowane sawu.

Akwai wani da muka saba, ɗan ƙasar Damagaram, shekarunsa ba za su wuce talatin da biyar ba, a nan zan riƙa ce masa Badamagare. Yau ya yarda na bi shi sawu uku, na kunna GPS na waya yana zana hanyar da muka bi. A sawu na biyu nace ya ba ni in tura. A kan kwalta ta tafi lafiya, muna saukowa cikin yashi tayar dama ta lume ta tsaya cak. Ya karɓa ya nuna min: ba da hannu ake turawa ba, ƙirji da ƙugu ake sawa, sai ka ɗan ɗaga mariƙin har ka ji nauyin ya koma kan tayoyi, in ta maƙale kuma ba ƙarfi za ka ƙara ba, girgiza ta za ka yi gaba da baya har ta fito da kanta. Wajen kwalbati ya san ta ina zai sa taya ɗaya ta fara hawa. Tafin hannunsa kamar fatar kirgi. Wannan hawan kwalbatin in sha Allah da shi fim zai buɗe.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Lissafin abin da ke hannuna: 85,000, talatin daga Umma, sauran na tara daga ɗaukar hoton biki. Kyamara da mai ƙafa uku na sashe ne, kyauta, amma sai ƙarshen mako kuma ana layi. Na sayi makirfon maƙalawa a kwala 18,000, batir na biyu 12,000, memori gig 128 a wani shago 7,000, mai shagon yace ragi ya yi min don ni ɗalibi ne. Na ware 15,000 na abinci da shayi ga waɗanda zan tsayar daga aiki, don duk minti talatin da mutum ya zauna yana min magana sawu guda ne ya rasa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shutin na farko. Ni da abokina da ya riƙe min sauti muka isa lokeshan shida saura, hasken ya yi kyau sosai, akwai ragowar hazo yana tace rana, ruwan da ke zuba daga tiyo yana walƙiya. Na saita firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, shata (buɗewar idon kyamara) ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa kamar yadda aka koya mana, don wutarmu a nan bugu 50 take yi, in ba haka ba fitilar bakin tanki sai ta riƙa ƙyafta ido a hoto. Mun ɗauki kusan awa biyu ina ta murna.

Da muka dawo na sa abin kunne na saurara sai jikina yayi sanyi. Janareton da ke tayar da sumo yana kusa da inda na zaunar da Ciyaman, kunnena ya saba da shi tun kwanakin zaman benci har na daina jinsa, amma makirfo bai saba ba. Duk hirar minti ashirin da biyu gurnanin inji ne a sama, muryar dattijo a ƙasa. Inda muka matsa bakin titi kuma iska ce take dukan makirfon bum bum, don ban sayi gashin da ake sa masa ba. Abokin nawa ya ga allurar sauti tana motsi ya ɗauka komai lafiya, ni kuma ban ba shi abin kunne ba don ɗaya ne kuma yana wuyana. Na gwada cire ƙarar a kwamfuta har ƙarfe ɗayan dare, in janareton ya tafi sai muryar ta koma kamar daga cikin tulu ake magana.

Abin da na yanke: hira ba za a ƙara yinta a bakin bohol ba sai lokacin da aka kashe inji, wato tsakanin azahar da la'asar. Mai sauti shi zai riƙe abin kunne. Kuma kowane waje zan ɗauki minti ɗaya na shirun wajen kafin mu tashi, don cike giɓi wajen yanka. Gashin makirfo 2,000.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na nuna wa malama abin da na ɗauko. Sautin ba ta ma tsaya a kansa ba, tace wannan kowa sai ya taɓa. Abin da ta kama shi ne duk ɗaukata daga nesa take kuma daga tsaye, tace "kana ɗaukarsu kamar kana ƙirga su". Na kalla na ga haka ne, idon ɗan taswira ne, kura bakwai a jere, mutum tara a layi, babu fuska ɗaya da za ka riƙe. Tace in durƙusa daidai tsayin taya, in matso har in ji numfashi, kuma in na fara ɗauka kada in kashe kafin in ƙirga goma a zuci.

Ta kuma ba mu labarin Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya ya koma yin fim, har ya yi wani fim mai suna Jaguar a kan samarin Nijar da ke tafiya neman kuɗi ƙasar da ake kira Gana a yau. A Nijar ɗin ma ya rasu a 2004, haɗarin mota wajen Birnin Ƙonni. Abin da tace mu ɗauka daga wajensa shi ne yana komawa ya haska wa mutanen da ya ɗauka fim ɗin ya ji ta bakinsu. Tace duk wanda bai yi haka ba a ajinta makinsa ba zai cika ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, Allah Ya karɓa mana. Tsarin aikinsu ya juye gaba ɗaya, yanzu daga sahur suke farawa zuwa goma na safe, sai kuma bayan la'asar lokacin da kowane gida yake neman ruwan girki, wasu har bayan asham. Jarka a layinmu ta tashi daga 100 zuwa 150. Dole jadawalina ya bi nasu.

Laraba, 5 ga Maris

Sawu shida da GPS, jimla sun zama 19. Babu ɗauka.

Litinin, 10 ga Maris

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da na fara. Asabar da Lahadi na kwana a shagon da suke kwana don in samu sahur. Na samu abin da ban taɓa zato ba: su takwas a kan tabarma ɗaya da fitilar waya, kwanon tuwo a tsakiya, Ciyaman yana raba kifi da yatsa daidai wa daida, sannan da gari ya fara wayewa tayar Badamagare ta fashe da kaya cike a kan gangara, mutum uku suka bar nasu layin suka zo suka sauke jarkokin suka raba a kurarsu suka kai wa masu ruwan, ba wanda ya ce a ba shi ko sisi. Duk na ɗauka, a durƙushe, a kusa, sauti tas.

Yau na sa memori a laftof. Sunayen fayil duk suna nan, girmansu ma daidai, amma daga na goma sha ɗaya zuwa ƙarshe babu wanda yake buɗewa. Na kai wa wani ɗan ajinmu da ya san kan kwamfuta, ya gwada shi da H2testw, manhajar gwada memori, sai ga shi memorin na jabu ne, an rubuta 128 a jiki amma ainihin cikinsa bai kai gig 8 ba, in ya cika sai ya ci gaba da nuna yana ajiyewa alhali babu inda abin yake zuwa. Ranar shutin farko ban gane ba saboda ranar da memorin sashe nayi aiki. Mun gwada manhajar dawo da fayil har biyu, babu abin da za a dawo da shi tunda ba a taɓa ajiye shi ba.

Na koma shagon, yace shi ma haka aka kawo masa, ya mayar min da 4,000. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Sahur zan iya sake ɗauka, amma taya ba za ta sake fashewa don ni ba, kuma ba zan ce su yi wasan kwaikwayonta ba don ba irin wannan fim ɗin nake yi ba. Na zauna a masallacin makaranta bayan azahar na daɗe ban tashi ba.

Sabon memori gig 64 na gaske 14,000, na gwada shi kafin in bar shagon. Daga yau duk abin da aka ɗauka ranar zai shiga laftof da faifan ajiyar abokina kafin in kwanta.

Asabar, 15 ga Maris

Hira da Badamagare, bayan asham, a zauren wani maƙwabci inda babu inji. Na zo da tambayoyi da na tsara bisa abin da muka karanta na wani masani Everett Lee na 1966, cewa akwai abin da ke koro mutum daga gida da abin da ke janyo shi zuwa wani wuri. Na tambaye shi me ya koro shi daga garinsu. Ya kalle ni yace "ba wanda ya kore ni, gonata tana nan, matata da 'ya'yana huɗu suna nan". Sai yayi min bayanin da ya fi na littafi fita: in an yi girbin gero an zuba a rumbu, magidanci ya kan duba ya ga in kowa ya zauna yana ci ba zai kai su wata damina ba, to sai maza su cire bakinsu daga rumbun su tafi su ci ranin a wani wuri, a bar wa mata da yara da tsofaffi. Ko bai komo da komai ba, hatsin da bai ci ba riba ne. Mahaifinsa ma haka yayi, shi dako yayi a Kano. Ban taɓa tsayawa na ji kalmar cin rani da kyau ba sai daren nan. Malamin taswira ya taɓa ambata mana cewa wani masanin labarin ƙasa Prothero ya yi bincike a kan masu cin rani na lardin Sakkwato tun shekarun 1950, gobe zan nemo shi a laburare don babin bita.

Hanyarsa ta Matamai ce, ya tsallako ta Kongolam, Daura, Kazaure, sai Kano. Yace shekarar da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sun sha wuya. Yanzu kuma damuwarsa canji, naira ta faɗi, abin da ya tara in ya mayar sefa sai ya ga ya ƙanƙance, shi ya sa ya koma sayen kaya a nan, atamfa, takalman yara, kwanuka, ya tafi da su maimakon kuɗi.

Na bar kyamara tana tafiya bayan ya gama magana kamar yadda malama tace. Yayi shiru yana murza tafin hannunsa da babban yatsa, sannan yace ƙaramar 'yarsa ba ta fara tafiya ba lokacin da ya taho.

Alhamis, 20 ga Maris

Matsalar da ban hango ba: ruwan a cikin gida yake ƙarewa, ni kuma iyakata zaure. Shi ɗan ga-ruwa yana sallama a ce ya shigo, amma namiji baƙo da kyamara ba zai shiga ba, kuma daidai ne. Wata 'yar ajinmu ta taimaka, ta shiga gida uku da izinin masu gidan, sharaɗi babu fuska, murya kawai da hannu da randa.

Abin da ta fito da shi ya canza min rahoton. Wata uwa mai gida na mutum tara tace jarka huɗu suke sha kullum, ranar wanki takwas, ruwan ɗaurayar wanki kuma ba ya zubewa, shi ake kaiwa bayi. Sannan tace ita ba kowane ɗan ga-ruwa take saya a wajensa ba, don ta san ruwan wane bohol ne yake kumfa da sabulu, wane ne mai zartsi da sai dai wanke-wanke. Ni duk bohol ɗigo iri ɗaya na sa musu a taswira. Yanzu sai na koma na bambanta su.

Laraba, 26 ga Maris

Sawu 31 sun shiga QGIS, manhajar zana taswira. Da farko na zana da'ira da'ira kewaye da bohol, mita 250, 500, 750, ina tsammanin farashi zai riƙa hawa da nisa. Bai bi ba. Akwai gidan da ke mita 300 yana biyan fiye da na mita 700. Da na ɗora layukan GPS a kan hoton sama na koma na taka wuraren da ƙafa sai abin ya fito: na mita 700 a bakin kwalta yake kuma gangara ce, na mita 300 kuwa a cikin lungu yake da kura ba ta shiga, sai an ajiye ta a baki a ɗauki jarka bibbiyu a hannu. Yashi, tudu, faɗin lungu, hawa bene, su ne suke yanka farashi. Sai kuma abu na biyar da babu yadda zan zana shi: tsohon kwastoma ba a ƙara masa kuɗi ko da zafi ya kai inda ya kai, kuma ana ba shi bashi har ƙarshen wata.

Malamin taswira ya ji daɗin wannan, yace in jefar da da'irorin in auna nisa ta hanyar da ƙafa take bi. Ya kuma ce in duba sunayen unguwanni, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, garin da kansa yana faɗin inda mutane suka taru saboda ruwa. Zan sa wannan a gabatarwa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Barka da sallah. Ban taɓa aikin ba tun Asabar. Na kai wa su Ciyaman tuwon sallah daga gida, yawancinsu a nan suka yi ta.

Talata, 8 ga Afrilu

Yanka. Awa shida da minti goma nake da su, ana son minti 12. Laftof ɗina ba ya jan DaVinci Resolve, manhajar yanka fim, da manyan fayil, sai da na yi musu ƙananan kwafi nake aiki da su. Zafin Afrilu kuma ya sa yana ɗaukar zafi ya mutu, na ɗora shi a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ƙasansa. Wuta sai tsakar dare take zuwa, don haka barcina ya koma rana. Cajin laftof a shago sau huɗu 1,200. Yankan farko ya tsaya a minti 19.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na haska musu. Bayan isha'i, a bakin bohol, inji a kashe, laftof a kan jarka biyu da sifika ta aro, mutum kusan ashirin har da mai bohol ɗin da ya tare ni ranar farko. Da Badamagare ya fito yana hawa kwalbati aka yi ta shewa ana kiran sunansa. Ni kuma ina gefe cikina yana kaɗawa.

Da aka gama Ciyaman yace a mayar baya. Abu na farko da ya tambaya: "wannan busar da ka sa, wa ya mutu?" Na sa wata sarewa mai sanyi a ƙarƙashin wajen da suke turi da rana. Yace su sana'a suke yi, ba makoki ba, in mutum ya kalli wannan zai ɗauka bara suke. Na biyu, wajen da na ɗauke su suna barci a shago a jere, wani saurayi yace don Allah a cire, akwai yarinyar da yake nema a garinsu, kuma yanzu babu abin da ba ya isa ƙauye ta waya. Wannan ɗaukar ina sonta ƙwarai, ita ce mafi kyawun haske a duk fim ɗin, kuma ita ce take nuna mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba tare da an faɗa ba. Amma barcinsa ne ba nawa ba. Nace za ta fita.

Na uku shi ne taswirar da na sa a tsakiyar fim. Ciyaman ya matso ya sa yatsa a allon yace ina hanyar bayan makarantar allo? Nace ban taɓa ganin an bi ta ba. Aka yi dariya, ashe da daddare ake binta, lokacin da masu shayi da masu wankin mota suke saye, ni kuma duk sawuna 31 na safe ne da yamma. Kenan akwai kasuwa guda da babu ita a rahotona. Sannan suka ce ban nuna adashinsu ba, wanda da shi mutum uku a cikinsu suka sayi kurar kansu suka daina biyan haya, kuma a wajensu wannan ne babban labari.

Shayi da burodi na kowa 6,500.

Laraba, 23 ga Afrilu

Dare uku ina bin hanyar bayan makarantar allo, sawu 9, jimla 40. Na ɗauki zubin adashi ranar Litinin da waya tunda kyamarar sashe tana hannun wani. Sarewa ta fita, na bar ƙarar taya da jarka da numfashi kawai, kuma wallahi ya fi.

Litinin, 5 ga Mayu

Na miƙa duka biyun. Fim minti 11 da daƙiƙa 40, da fassarar Turanci a ƙasan allo, rahoto shafi 46 da taswira huɗu. Malama tace har yanzu muryata ta yi yawa a minti biyun farko, ina bayanin Tiga da Tamburawa alhali hoton kwalbati ya isa ya riƙe mai kallo, in mayar da bayanin can tsakiya inda taswira take. Na yarda, zan gyara kafin nunin sashe. Malamin taswira kuma yace sawu 40 daga bohol ɗaya ba za su ba ni damar yin magana a kan Kano duka ba, in rage bakin da na buɗe a babin ƙarshe in tsaya a kan unguwar da na taka. Shi ma zan gyara. Buga rahoto da ɗauri 9,000.

Alhamis, 15 ga Mayu

Badamagare ya tafi yau. Shekaranjiya aka kira shi daga gida aka ce hadari ya fara haɗuwa, a zo a gyara gona. Ya mayar da kurar haya jiya da yamma, na raka shi tasha da asuba da buhunsa biyu da wata 'yar jarka da ya cika da manja. Na tura masa fim ɗin a memorin wayarsa, wanda babu barci a ciki, yace zai nuna wa mahaifinsa wajen kwalbatin. A bohol yanzu kura biyar ce a jingine babu mai turawa, Ciyaman yace kafin ƙarshen wata rabinsu sun watse, sai kuma bayan girbi.

Abin da ke gabana: gyaran minti biyun farko kafin Litinin, gyaran babi na biyar, sannan in kai wa mai unguwa kwafi kamar yadda nayi alkawari. Badamagare yace in zo garinsu a watan Agusta lokacin da gero ya yi kai in ga gonar da rumbun, kuma malama tace in na samo wannan rabin za ta karɓe shi a matsayin aikin shekarar ƙarshe. Sai na fara neman takardun tsallaka iyaka tun yanzu, in kuma karɓi bukukuwa uku ko huɗu bayan babbar sallah don kuɗin mota da ƙarin batir, tunda can babu wutar da zan yi caji sai sola.